Yadda nake nuna wa 'yan lakwal zanen wasannin yara na Bruegel

Kada ka buga shi a ƙaramar takarda ba launi. Na taɓa yin haka a wani shago kusa da babbar kasuwa, da na kai aji yara suka ce, "Mushe, tururuwa ce?" Ban ga laifinsu ba. Yara sama da 200 ne a ciki, wasanni wajen 80, a kan allon katako mai faɗin santimita 161. Pieter Bruegel ya zana shi da fentin mai a 1560, a yankin masu yaren Holand da yau yake cikin Beljiyam, kuma allon yana gidan tarihi na Biyana, babban birnin ƙasar Ostiriya. Mu a Maraɗi sai hoto, to a buɗe shi a waya a riƙa jawowa da yatsu.

Ka fara daga ƙasa, hannun hagu. 'Yan mata biyu na cilla 'yan ƙasusuwa suna cafewa. Ka yi shiru abinka, wata za ta ce "carafke!" Daga nan su za su ja ka: ga masu gare, ga mai dokin kara, ga biyu sun haye ganga, ga ayarin kai amarya na wasa, ga mai tafiya kan dogayen sanduna.

In sun lafa, ka tambaye su inda mai zanen yake tsaye. A sama yake, kamar wanda ya hau soro, shi ya sa kowa ya samu wurinsa, babu wani gwarzo a tsakiya. Ƙasar launin rairayi, irin ta unguwarmu, sai jan tufafi da shuɗi da aka warwatsa suna jan ido har ƙarshen doguwar hanyar dama.

Fuskokin ne suka fi tsaya mini a rai. Kamar na tsofaffi, da ƙyar ka ga mai dariya. Da farko na ɗauka bai iya zana yaro ba, sai da na lura da ɗana yana kora gare: fuska a murtuke, kamar direban da ya ɗauko lodi zuwa Jibiya.

Sai ka raba takarda, kowa ya zana ƙofar gidansu daga sama, fili tukuna, yara daga baya. Bara wata ta sa Gulbi a kusurwar sama ta hagu da masu iyo, daidai inda Bruegel ya sa nasa rafin.