Yadda Ake Saita Juyin Kyamara a Godot 4

Da farko, a cikin Godot, manhajar ƙirƙirar wasannin bidiyo, a buɗe Project Settings, a shiga sashen Input Map, a ƙirƙiri umarni huɗu na duba hagu, dama, sama da ƙasa, sannan a haɗa kowanne da ɓangaren da ya dace na sandar dama ta na'urar wasa.

Daga nan sai a karanta su a dunƙule da Input.get_vector a cikin _process (aikin da Godot ke gudanarwa a kowane firam), a ninka sakamakon da delta (lokacin da ya wuce tun firam ɗin baya), domin saurin juyawar ya zama ɗaya a kwamfuta mai ƙarfi da marar ƙarfi.

Linzamin kwamfuta kuwa hanyarsa daban ce, domin Input Map ba ya karɓar motsinsa. A kama InputEventMouseMotion (saƙon motsin linzami) a cikin aikin _unhandled_input, a yi amfani da ƙimar relative, amma kada a ninka ta da delta, tunda tazarar da hannu ya riga ya motsa ce. Masu koyo kan yi kuskure a nan. A kuma kulle linzamin da MOUSE_MODE_CAPTURED.

A ƙarshe, a taƙaita duba sama da ƙasa tsakanin digiri -89 da 89, don kada kyamarar ta kife.