Yadda matashin ɗan wasan gaba zai tsara tafiyarsa daga ƙungiyar gida zuwa tawagar ƙasa

Abin da ake auna ɗan wasan gaba da shi ƙwallayen da ya zura a raga ne, ƙwallo kuwa ba ta ciwuwa daga kan benci. Saboda haka duk shawarar da matashi zai yanke game da ƙungiyar da zai koma, da lokacin da zai fita waje, da kwantiragin da zai sa wa hannu, ya kamata ya fara da tambaya guda: a can za a riƙa saka ni a wasa kowane mako, ko kuwa zaman jira zan je yi? Tarihin ɗan wasan gaban Najeriya Ahmed Musa, wanda aka haifa a Jos ranar 14 ga Oktoba 1992, ya isa a bi shi daki-daki domin a ga yadda wannan tambaya take hukunci a kowane mataki.

Farkon abin da matashi zai yi shi ne ya shiga ƙungiya ko makarantar horar da 'yan wasa da ke da rajista da hukumar ƙwallon ƙafa, domin sunansa ya shiga kundi tun yana ƙarami. Wannan rajista ita ce ke nuna inda aka raine shi, kuma da ita ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23 suke samun kasonsu na kashi 5 cikin ɗari na kuɗin sayensa duk lokacin da aka yi cinikinsa tsakanin ƙasa da ƙasa. Haka kuma ya tabbatar ranar haihuwar da ke takardunsa ɗaya ce ko'ina, kuma ta gaskiya ce. Rage shekaru na iya buɗe wa yaro ƙofar tawagar 'yan ƙasa da shekara 17, amma jikinsa zai fara gajiya a daidai lokacin da ƙungiyar da ta saye shi take sa ran ƙarfinsa ya kai maƙura.

Daga nan sai ya nemi ya yi suna a gasar gida kafin ya fara zancen Turai. Musa ya fito daga makarantar GBS ta Jos, ya buga wa ƙungiyar JUTH ta Jos, sannan ya zo Kano Pillars, inda ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, adadin da ya zama tarihi a gasar Najeriya a wancan lokaci. Wanda ya saba cin ƙwallo a gaban dubban 'yan kallo masu kirarin "Sai Masu Gida", kuma ya sha gwiwa da kafaɗar 'yan baya da suka girme shi da shekara goma, ya riga ya samu horon da babu atisayen da zai ba shi. Marigayi Rashidi Yekini ma haka ya yi: daga UNTL ta Kaduna zuwa Shooting Stars ta Ibadan da Abiola Babes, sannan Africa Sports ta Abidjan, kafin ya isa Vitória de Setúbal a Fotugal.

Batun fita waje shi ne inda aka fi cutar yara da iyayensu, don haka a nan nake roƙon a natsu. Dokar FIFA ta hana cinikin ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, in ban da wasu 'yan dalilai ƙalilan da galibi ba su shafi yaron da ke zaune da iyayensa a Kano ko Damagaram ba. Musa kansa, duk da cewa VVV-Venlo ta ƙasar Holan ta gama cinikinsa a tsakiyar 2010, sai da ya jira ya cika shekara 18 a watan Oktoba kafin a ba shi takardar izinin buga mata wasa. Duk wanda ya zo wa uba da cewa zai kai masa ɗansa mai shekara 15 gwaji a Turai, amma a sayar da fili ko gona a kawo kuɗin jirgi da biza, to a tambaye shi lasisinsa na wakilcin 'yan wasa, wanda tun 2023 FIFA ce ke bayarwa bayan jarrabawa, kuma a nemi wasiƙar gayyata daga ƙungiyar a tuntuɓe ta kai tsaye domin a tabbatar. Ƙungiyar da ke son ɗan wasa da gaske ba iyayensa take ɗora wa nauyin tafiyarsa ba.

Idan lokacin fita ya yi, matsakaiciyar ƙungiya ta fi babba amfani ga mai shekara 18. A wancan lokaci Venlo ƙaramar ƙungiya ce mai fafutukar tsira daga faɗawa rukuni na biyu, amma a can Musa ya samu damar buga wasa, ya koyi zama cikin sanyi, ya kuma koyi yadda ake tashi da gudu ba tare da an kama shi da satar gida ba. A watan Janairun 2012 CSKA Mosko ta saye shi, ya ɗauki kofin gasar Rasha da ita sau uku, a 2013 da 2014 da 2016. A kwatanta wannan da Victor Osimhen, wanda ya ci ƙwallo 10 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2015, ya wuce Wolfsburg ta Jamus kai tsaye, ya bar ta bai ci ko ɗaya ba. Sai da aka ba da shi aro ga Charleroi ta Beljiyam a 2018 ƙafarsa ta dawo, daga can ya tafi Lille, sannan Napoli, inda ya ci ƙwallo 26 a kakar da ta lashe gasar Italiya a 2023.

Kafin ya sa hannu a kwantiragi, ɗan wasa ya nemi lauya ko wani amintacce da ya san harshen da aka rubuta shi ya karanta masa sala-sala. Ya duba tsawonsa, wanda bisa ƙa'idar FIFA ba ya wuce shekara 5, ko shekara 3 ga wanda bai kai 18 ba. Ya duba ko albashin da aka rubuta kafin haraji ne ko bayansa, da wanda zai biya kuɗin gida da na magani, sannan ya riƙe kwafinsa a hannunsa. Ya kuma sani cewa idan ƙungiya ta riƙe masa albashin wata biyu, yana da damar ya rubuta mata gargaɗi ya ba ta aƙalla kwana 15, in ba ta biya ba ya raba gari da ita bisa doka.

Babban ciniki ma yana iya zama tarko, kuma a ganina wannan ne darasin da ya fi nauyi a tarihin Musa. A watan Yulin 2016 Leicester City, wadda ta ɗauki kofin Firimiya 'yan makonni kafin nan, ta saye shi a kan fam miliyan 16 da wani abu. Ya tarar da Jamie Vardy a gurbin da yake so, aka kuma kori kocin da ya kawo shi, Claudio Ranieri, a watan Fabrairun 2017, ya kammala kakar da ƙwallo 2 kacal a gasar. Abin koyi shi ne abin da ya yi bayan haka. Maimakon ya ci gaba da karɓar albashi yana zaune, sai ya koma CSKA a matsayin aro a watan Janairun 2018, watanni kaɗan kafin gasar cin kofin duniya da za a yi a Rashar.

Sakamakon ya bayyana a Volgograd ranar 22 ga Yuni 2018 a karawa da Iceland. Jim kaɗan da dawowa daga hutun rabin lokaci Victor Moses ya bugo ƙwallo daga gefen dama, Musa ya miƙa ƙafa ya tare ta a sama, ta sauko ta taɓa ƙasa ya ɗirka ta a raga. Ta biyun kuwa doguwar ƙwallo ya bi ta gefen hagu, ya wuce ɗan bayan da ke binsa da gudu, ya yanke mai tsaron raga, ya ɗaga kai ya zaɓi inda zai saka ta. Irin wannan natsuwa a gaban raga sai ɗan wasan da ƙafarsa take da zafin wasan mako-mako. Idan aka haɗa da biyun da ya ci Ajantina a 2014 a Brazil, ƙwallayensa 4 ke nan a gasar duniya, fiye da kowane ɗan Najeriya.

Game da tawagar ƙasa, ɗan wasa ya riƙa amsa kira duk lokacin da aka kira shi, ko wasan sada zumunci ne ko na neman gurbi a wata ƙasa mai wuyar zuwa, domin dokar FIFA ta wajabta wa ƙungiyarsa ta sake shi a ranakun da aka ware wa wasannin ƙasa da ƙasa. Ya kuma yarda ya buga duk gurbin da koci ya ba shi. Musa ya buga gefen dama da na hagu da tsakiya, yana cikin tawagar koci Stephen Keshi da ta ɗauki kofin Afirka a 2013, kuma ya buga wa Super Eagles wasa fiye da 100.

Saura abin da ɗan wasa zai yi idan ya wayi gari ba shi da ƙungiya, yanayin da ke samun kusan kowa. Bayan ya lashe gasar Saudiyya da Al-Nassr a 2019, Musa ya rabu da ita a watan Oktoban 2020, ya yi watanni ba ya buga wa kowace ƙungiya. A watan Afrilun 2021 ya koma Kano Pillars na ɗan lokaci domin jikinsa ya ci gaba da aiki, kuma a watan Yuli Fatih Karagümrük ta Turkiyya ta ɗauke shi. Wanda zai yi irin wannan komawa gida ya nemi gajeren kwantiragi, kuma ya tabbatar an rubuta a ciki cewa za a sake shi idan tayi ya zo daga waje.