Babi na Shida: Basir da Yadda Ake Kauce Masa

Sannunku da ƙoƙari. Duk wanda ya kawo wannan babi ya yi nisa, domin a watannin baya wasunku ko sunansu ba su iya rubutawa ba. Yau za mu taɓo maganar da ake jin nauyinta, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Darasi na 1: Mene ne basir?

Ku karanta da ƙarfi, gaɓa-gaɓa: ba-sir. Du-bu-ra. Ji-ji-ya.

Dubura ita ce ƙofar da bayan gida ke fita. A cikinta akwai wani tattausan nama mai cike da ƙananan jijiyoyin jini, kuma kowa da shi aka haife shi, yana taimakawa wajen rufe ƙofar da kyau. Idan jijiyoyin nan suka kumbura, naman ya saki, to shi ne basir.

Iri biyu ne. Na ciki yawanci ba ya zafi, sai dai mutum ya ga jini jajir bayan ya gama bayan gida. In ya yi nisa yakan leƙo waje, shi ne kuke kira mai tsiro. Na waje kuwa ƙullutu ne a bakin dubura, yana ƙaiƙayi, wani lokaci ya yi zafin da zama ma sai a karkace.

Na san abin da mai lasifika ke faɗa a tasha: ciwon baya basir, kasala basir, raunin mazakuta basir. A wurin likita basir a dubura yake, nan kaɗai. Maganar zaƙi kuma, ba sukari ne ke kumbura jijiya ba. Amma wanda ya cika cikinsa da burodi da lemon kwalba ya bar ganye, bayan gidansa zai yi tauri, kuma daga nan ake somawa.

Darasi na 2: Yunƙuri

Nan ne zan daɗe, ku yi haƙuri da ni.

Ku rubuta: yun-ƙu-ri. Ku lura da lanƙwasar da ke kan ƙ. Ku sake rubutawa sau uku. Madalla.

Yunƙuri shi ne mutum ya tsuguna, ya riƙe numfashi, ya matsa da ƙarfi don bayan gida ya fito. Wanda ya taɓa noman rani ya san abin da ke faruwa idan inji yana turo ruwa, wani ya taka bakin tiyo. Tiyon sai ya kumbura, in akwai wuri mai rauni ya tsage. Haka jijiyoyin dubura suke yi duk lokacin da ka yi yunƙuri. Yau ka matsa, gobe ka matsa, shekara ta zagayo, jijiya ta gaji ta saki.

Saboda haka ga yadda za ka yi, ɗaya bayan ɗaya.

Da ka ji bayan gida, ka tashi ka tafi. Kada ka ce sai ka sallami mai ciniki, ko sai an gama hira. Idan ka danne shi, hanji yana ci gaba da tsotse ruwan da ke jikinsa, ya bushe, ya yi tauri.

In ka tsuguna, ka saki jikinka, ka riƙa numfashi yadda ka saba. Kada ka yi yunƙuri.

In bai fito ba cikin minti 5, ka tashi. Ka sha ruwa, ka ɗan zagaya, ka dawo in ka sake jin sa. Minti 5 bai kai tsawon lokacin da ake cin rabin kwanon tuwo ba.

Na sake faɗa: bai fito ba, ka tashi. Ba ka matsa ba, ka tashi.

A wani aji na taɓa yin wannan bayani har sau biyu, sannan na tambayi wani dattijo, "Baba, in bai fito ba me za a yi?" Ya gyara hula ya ce, "Sai a ƙara ƙarfi mana, Malam." Aji ya fashe da dariya, amma da na bi layi, fiye da rabinsu amsarsu ke nan. Ba laifinsu ba ne, tun muna yara haka aka koya mana a kan fo. To yanzu mun sani. Ku karanta tare: Ba a ƙa-ra ƙar-fi. A ta-shi.

Ku kuma masu shiga ban-ɗaki da waya, da ku nake. Mutum ya shiga yana kallon bidiyo, rabin awa yana zaune, jini yana taruwa a ƙasa, mutane na jira da buta a waje. Wannan wace irin ɗabi'a ce? Kullum ina faɗa, kullum kuna gyaɗa kai, kuna komawa gida kuna yi. A bar waya a ɗaki.

Tsugunon da muka saba a masai yana da kyau, ya fi sauƙaƙa fitar bayan gida. Mai masan zama irin na zamani ya sa 'yar kujera ƙarƙashin ƙafafunsa, gwiwa ta ɗan ɗara ƙugu. In an gama a yi tsarki da ruwa a hankali, ban da gurzawa.

Tambaya: In bayan gida bai fito ba cikin minti 5, me za ka yi? Rubuta amsa a littafinka. In ka rubuta "yunƙuri", goge, ka koma farkon darasi. Ba abin kunya ba ne.

Darasi na 3: Abin da ke tausasa bayan gida

Ruwa da ganye. Babban mutum ya sha kamar kofi 8 a rana, wajen lita 2 ke nan. Ledar fiya wata rabin lita ce, ka ga leda 4. Lokacin bazara, ko mai aikin rana, ya ƙara. Da azumi a rarraba shan tsakanin buɗa-baki da sahur.

Ka ja layi ɗaya a bayan littafinka duk sanda ka sha kofi guda. Da dare ka ƙirga.

Abincin kuwa yana gidanku: kwaɗon zogale, rama, tafasa, alayyafo, miyar kuɓewa, miyar kuka, wake, gwanda, gwaiba, mangwaro. Gero da dawa kada a surfe su har dusa ta fita kakaf. Farar shinkafa da taliya kullum ba ganye, su ke ɗaure ciki. Tiramadol da kodin ma suna ɗaure shi sosai.

In bayan gida ya yi laushi, babu dalilin yunƙuri.

Darasi na 4: Waɗanda ya fi kamawa

Mai juna biyu, saboda nauyin ciki da naƙuda. Ƙwayar ƙarin jini da ake ba ta wurin awo takan sa tauri. Kada ta daina sha, ta gaya wa ma'aikaciyar jinya, ta ƙara ruwa da ganye. Direba da tela su riƙa miƙewa suna taka ƙafa. Ɗan dako kada ya riƙe numfashi in zai ɗaga buhu.

Darasi na 5: In ya riga ya kama

A zauna cikin ruwan ɗumi a baho, minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a rana. Ruwan ɗumi na ce, ba tafasasshe ba. Kada a cusa komai, kada a bari wanzami ya yanka.

Ba kowane jini ne basir ba. A tafi asibiti idan jini ya ƙi tsayawa, ko bayan gida ya zama baƙi ƙirin ba tare da ana shan ƙwayar ƙarin jini ba, ko mutum yana ramewa, ko jiri na ɗibarsa, ko tsiro ya fito ya ƙi komawa. Wanda ya haura shekara 40 ya ga jini, ya je a duba shi ko da sau ɗaya ne.

Aikin gida: a kawo mini layukan ruwa na kwana 7.