Darasi na 9: Farfaɗiyar yara da hanyar zuwa wurin likitan tiyata

Yaro yana cikin wasa sai ya yanke jiki ya faɗi. Jikinsa ya sandare, ya shiga jijjiga, kumfa na fita ta bakinsa. Wasu su ce bugun tsuntsu ne, wasu su ce iska ce ta taɓa shi. Nan take mutane su dare, don an ce wanda yawun ya taɓa zai kamu. Ba haka ba ne. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu, ko ta cin abinci a kwano ɗaya, ko ta kwana a tabarma ɗaya.

Ciwon a ƙwaƙwalwa yake. Ƙwaƙwalwa tana aika wa jiki saƙo ta wata 'yar wuta mai kama da lantarki. Idan wutar nan ta hargitse, kamar wayoyi biyu sun haɗu sun yi tartsatsi, sai yaro ya faɗi. Abin da ke jawo haka yana da yawa: doguwar naƙuda wadda ta sa jariri ya jima bai numfasa ba, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, buguwa a ka, ko ƙari a ƙwaƙwalwa. Wani kuma a yi ta bincike ba a ga dalili ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kuma kusan 7 cikin 10 za su iya daina faɗuwa idan sun sami magani daidai.

Ba kowace jijjiga ce farfaɗiya ba. Yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 yakan yi jijjiga saboda zafin zazzaɓi, kuma yawanci yana girma abin ke barinsa. Ba kuma kowace farfaɗiya ce ke kayar da yaro ba. Wani ƙura ido kawai zai yi na ɗan lokaci, a kira shi bai amsa ba, sannan ya ci gaba da abin da yake yi. Irin wannan yaro ne ake duka a makaranta, ana cewa ya cika shirme.

Idan abin ya tashi

A janye yaro daga wuta, rijiya ko bakin hanya. A kwantar da shi ta gefe guda, a sa masa zani a ƙarƙashin kai, a sassauta wuyan riga. Kada a danne shi. Kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki: ba zai haɗiye harshensa ba, cokalin ne ma zai karya masa haƙori. Kada a ɗura masa ruwa, man ja ko jiƙo, domin zai iya shaƙewa. Kara ƙafarsa a wuta da matsa masa albasa a ido ba sa farfaɗo da kowa, sai dai su bar ƙuna da tabo. A duba agogo. Idan jijjigar ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa yaro bai farfaɗo ba, a garzaya asibiti.

Amfanin alƙalami

A nan ne karatun da muke koya zai yi mana rana. Likita ba ya nan lokacin da yaro ya faɗi, da bakin uwa da uba yake aiki. Idan ya ce, "Sau nawa ya faɗi a watan nan?" aka ce masa, "Ai da yawa, likita," ba a ba shi komai ba. A sayi ƙaramin littafi, duk ranar da abin ya tashi a rubuta layi ɗaya. Ga misali:

Talata, 4 ga wata. Ƙarfe 6 na safe. Hannun dama ya fara rawa, sannan duk jiki. Minti 2. Jiya bai sha maganin dare ba.

A lura da maganar "hannun dama ya fara rawa". Wannan babban bayani ne, domin inda jijjiga ta faro yakan nuna wa likita sashen ƙwaƙwalwar da ke da matsala. Mai waya ya ɗauki bidiyo, amma sai bayan an gyara wa yaro kwanciya.

Magani irin su phenobarbital, carbamazepine da sodium valproate kullum ake sha, a kan lokaci, ko da yaro ya yi watanni bai faɗi ba. Yanke shi kwatsam yana iya tayar da jijjiga mai tsanani. Likita ne ke rage shi a hankali, sau da yawa bayan yaro ya yi shekara 2 bai faɗi ba. Addu'a kuwa ba ta hana shan magani, a haɗa su.

Idan magani ya ƙi ci

Akwai yaran da aka gwada musu magani iri biyu da suka dace, aka sha yadda ya kamata, faɗuwa ba ta tsaya ba. A nan ne ake fara zancen tiyata. Jin an ce za a buɗe kan yaro kawai ya isa ya tayar wa iyaye hankali, kuma ban ga laifinsu ba. Amma faɗuwar kullum ita ma tana cin yaro: karatu ya tsaya, magana ta ja baya, ga haɗarin wuta da ruwa.

Ba kowane yaro ake yi wa ba. Sai an gano takamaiman wurin da wutar ke tashi, an kuma tabbatar cire shi ba zai taɓa magana ko tafiya ba. Ana yin gwajin EEG, inda ake manna wayoyi a fatar kai don auna wutar ƙwaƙwalwa, babu zafi, babu yanka. Ana kuma ɗaukar hoton cikin ƙwaƙwalwa da ake kira MRI. A shekarar 2017 likitoci a birnin Delhi na Indiya sun fitar da sakamakon bincike kan yara 116 da magani ya ƙi yi musu aiki. Bayan shekara guda, kashi 77 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata sun daina faɗuwa, a cikin waɗanda suka tsaya kan magani kaɗai kuwa kashi 7 ne. Sai dai wasu daga cikin waɗanda aka yi wa aikin sun sami raunin ɓarin jiki. Dole a faɗa wa iyaye duka biyun.

Hanyar tana farawa daga asibitin kusa. A nemi takardar tura mara lafiya zuwa babban asibiti, wurin likitan ƙwaƙwalwar yara. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato duk suna da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa. Tiyatar farfaɗiya ta musamman kuwa cibiyoyinta kaɗan ne a yankinmu, shi ya sa wasu ke fita Indiya ko Masar. Kada a sayar da gona ko a miƙa wa dillali kuɗi kafin likitan gida ya duba hotuna ya rubuta rahoto. Wanda ya yi alkawarin warkewa bai ko ga hoton kan yaron ba, kuɗi yake nema.

Ranar ganin likita a tafi da littafin nan, da kwalayen duk maganin da aka taɓa sha. A tambaye shi: "Likita, daga ina abin yake tasowa? Wane haɗari ke cikin aikin? Zai ci gaba da shan magani bayan an yi?" Yawanci amsar ta ƙarshe ita ce e, na wani lokaci.

Aiki

1. Karanta waɗannan kalmomi, ka rubuta kowace sau 3: farfaɗiya, jijjiga, ƙwaƙwalwa, tiyata.
2. Yaro ya fara jijjiga ƙarfe 7:10, ya tsaya ƙarfe 7:17. Minti nawa ke nan? Me ya kamata a yi?
3. Ja layi huɗu a littafinka, ka sa musu kai: rana, lokaci, inda ta faro, minti nawa. Cike layi ɗaya da misalinka, ka kawo aji mako mai zuwa.