Kurakuran da masu rubutu kan matan sarautar Sikotlan suke ta maimaitawa

Na gaji da ganin abu ɗaya kullum a wajen sababbin masu rubuta tarihin Turai da Hausa, musamman in an zo kan matan gidajen sarautar Sikotlan na zamanin da, shi ya sa yau zan faɗa kowa ya ji.

Babba a ciki shi ne cakuɗa mata masu suna ɗaya. Wannan ya taɓa wahalar da ni ba kaɗan ba, na dogara da jadawalin zuriya da wani ya haɗa, ashe ya mayar da Marjorie biyu mace ɗaya, sai da na rushe aikin gaba ɗaya na sake. To ku ji: Marjorie ta Carrick uwar Sarki Robert Bruce ce, ita ta gaji ƙasar Carrick daga mahaifinta, mijinta ma ta dalilinta ya samu sarautar wajen. Marjorie Bruce kuma 'yar sarkin ce, ta auri Walter Stewart a 1315, ɗanta ne ya hau gadon mulki a 1371 da sunan Robert II, daga nan gidan Stewart ya karɓi sarauta. In ka haɗe kaka da jika yaya za ka gane ta inda mulki ya bi? Margaret kuwa sai a hankali, akwai matar Malcolm III da ta rasu a 1093, akwai 'yar sarkin Nowe, magajiyar sarautar Sikotlan, da ta rasu a tsibiran Orkney a 1290 tana shekara 7, akwai ta Denmak da ta auri James III a 1469. Ni yanzu ba na rubuta sunan mace sai na sa ubanta, mijinta, ƙasarta da shekarar rasuwarta a gefe, ko da kuwa ina ganin na santa.

Na biyu, wanda ya fi ƙona min rai, wai matan nan duk kaya ne ana miƙa su daga hannun uba zuwa na miji ba su da ta cewa. Haba jama'a, ku dinga karatu mana kafin ku yanke hukunci! Eh auren haɗi ne don ƙasa da siyasa, Joan 'yar sarkin Ingila tana shekara 7 aka ɗaura mata aure da David II, ɗan Robert Bruce, a 1328. Amma Isabella MacDuff fa? Mijinta na ɓangaren maƙiyan Bruce, ita kuwa ta tafi Scone a 1306 ta naɗa Bruce sarki, don naɗin haƙƙin gidansu ne na Fife, kuma ta ɗanɗana kuɗarta, Edward I sarkin Ingila ya sa aka kulle ta a keji a Berwick. Agnes ta Dunbar a 1338 mijinta ba ya nan, ta riƙe ganuwar gidansu wata biyar har sojojin Ingila suka haƙura suka janye. Dervorguilla ta Galloway da dukiyarta ta gina gidan ibada na Sweetheart a 1273, ita ce kuma ta tsayar da kwalejin Balliol a Oxford da ƙafafunta. Kafin ka ce mace ba ta da iko, duba ƙasar da ke hannunta tukuna, don ko wadda mijinta ya rasu tana cin moriyar kashi ɗaya cikin uku na filayensa har ƙarshen ranta.

Sauran ƙanana ne. Kar ka kira dukiyar aurensu sadaki, gidan amarya ne ke bayarwa, ta haka ma tsibiran Orkney da Shetland suka koma hannun Sikotlan da sarkin Denmak ya kasa biyan dukiyar auren 'yarsa Margaret. Auren dangi na kusa sai da izinin Fafaroma, Robert II sai 1347 ya samu nasa bayan Elizabeth Mure ta riga ta haifa masa 'ya'ya. Labarin soyayyar William Wallace, jarumin yaƙin Sikotlan, da Isabella ta Faransa na fim ne kawai, an kashe shi a 1305 tana ƙaramar yarinya a ƙasarsu. Sarauniya Mary kuma a 1542 aka haife ta, dan Allah a daina cusa ta cikin zamanin su Bruce.