Yadda Ake Haɗa Tarkon Ƙaguwa Mai Darma a Gida

A gaɓar tekun Pasifik ta ƙasar Amurka, tun daga jihar Kalifoniya har zuwa Oregon da Washinton, da yawa daga cikin masu kamun ƙaguwa don nishaɗi waɗanda ba su da jirgin ruwa suna amfani da wani ɗan ƙaramin tarko da ake jefawa da sandar fatsa. Akwati ne na ragar waya wanda bai wuce tafin hannu ba, ana cika shi da nama ko kifi, a ƙasansa akwai darma, a gefensa kuma akwai zarge na igiyar roba. Ƙaguwa tana zuwa cin abincin, ƙafafunta suna shiga cikin zargen, idan mai sanda ya ja sai zargen ya tsuke. Duk wanda ya taɓa ganin yara sun ɗana wa kurciya tarkon zarge da izgar doki ya riga ya fahimci dabarar. Ana sayar da irin wannan tarko a kantunan kayan kamun kifi, amma tun da duwatsun ƙarƙashin ruwa suna yawan riƙe shi har igiya ta tsinke, mai zuwa teku a kai a kai yakan ga haɗa nasa ya fi masa sauƙin kuɗi.

Na lura cewa masu koyo suna ɓata lokacinsu wajen gyara akwatin ya yi kyau, sannan su ɗaura zargen cikin gaggawa. Ƙaguwa kuwa ba ruwanta da kyawun akwati. Abin da ke kama ta shi ne zargen da ke zamewa ba tare da ya cije ba, da kuma darmar da ta sa tarkon ya zauna daidai a kan yashi. A kan waɗannan biyun zan fi tsayawa.

Kayan da ake bukata

A nemi ragar waya mai rufin roba wadda faɗin idonta yake rabin inci, domin wadda idonta ya kai inci ɗaya tana barin ƙananan kifaye da ƙaguwa su cinye abincin cikin 'yan mintoci. Ragar da ba ta da rufi tana aiki, sai dai ruwan gishiri yana cinye ta da tsatsa tun kafin kakar kamu ta ƙare. Sai igiyar zarge, wadda ko dai ta zama igiyar fatsa ta nailan mai kauri, irin wadda aka rubuta tana ɗaukar fam 100 zuwa 150, ko kuma igiyar injin yanke ciyawa mai kaurin inci 0.065. Sai ƙananan bututun alminiyam masu rami biyu da ake matse igiya da su, da filayar matse su, da filayar yanke waya, da darma shimfiɗaɗɗiya mai nauyin giram 110 zuwa 230, da ɗan ƙarfe mai juyawa wanda ke hana igiya murɗewa, da guntun roba mai talewa don rufe ƙofa. Ragar ita ce ta fi tsada domin ba a cika sayar da ita ƙanƙane ba, saboda haka ya fi kyau mutum biyu ko uku su haɗa kuɗi su sayi naɗi ɗaya, zai ishe su tarkuna masu yawa.

Akwatin

A yanka ragar a lanƙwasa ta a bakin tebur ko a jikin katako har ta zama akwati mai tsawon santimita 12, faɗin 6, tsayin 4 ko kusa da haka. A ɗaure kusurwoyin da wayar da ba ta tsatsa, a bar gefe ɗaya na sama ya zama ƙofa mai buɗewa, a sa masa robar da ƙugiya. Akwatin ya fi faɗi a kan tsayi, domin mai tsayi yana mirginawa idan igiyar ruwa ta buge shi. Duk bakin wayar da aka yanka a goge shi ko a lanƙwasa shi ciki, saboda shi ne ke yanke zarge daga baya, kuma shi ne ke tsaga yatsan mutum lokacin da hannu ya yi sanyi yana cusa abinci.

Darmar

Wurin darma shi ne ƙasan akwatin, a shimfiɗe, kuma a ɗaure ta tamau yadda ko an girgiza akwatin ba za ta motsa ba. Mutane da yawa suna rataya darma mai siffar dala a wajen akwatin kamar yadda ake yi wa fatsar kifi. Idan aka yi haka, darmar tana nutsewa cikin yashi ita kaɗai, akwatin kuma yana lilo a bayanta, wani lokaci ya faɗi a kife ya danne rabin zargen a ƙarƙashinsa. Idan kuwa nauyin yana ƙasan akwatin, ko ta yaya tarkon ya faɗa ruwa zai juya ya sauka a kan cikinsa. A matsar da darmar kaɗan zuwa ƙarshen da ke nesa da inda igiyar sanda take ɗaure, domin wannan yana sa tarkon ya tafi a miƙe cikin iska lokacin jifa maimakon ya riƙa wulwulawa.

Yawan nauyin ya danganta da wurin da za a yi kamu. A gadar masunta irin ta garin Pacifica, ko a cikin mashigin Pillar Point da ke Half Moon Bay inda ruwa ya fi kwanciya, giram 110 zuwa 170 yakan wadatar. A buɗaɗɗiyar gaɓa kamar Ocean Beach ta San Faransisko, inda igiyar ruwa take da ƙarfi, ƙasa da giram 200 ba ya zama wuri ɗaya. A tuna cewa abincin da za a cusa da akwatin kansa suna ƙara nauyi, don haka a duba abin da aka rubuta a jikin sandar cewa tana iya jefawa kafin a karya ta.

Wasu suna narkar da darma su zuba ta kai tsaye cikin ƙasan akwatin. Ban ba mai koyo shawarar haka ba. Darma tana narkewa a zafin digiri 327 a ma'aunin Salshiyas, tana da guba, kuma ɗigon ruwa ɗaya a cikin mazubin yana iya sa narkakkiyar darma ta fantsama a fuskar mutum. Ga kuma rufin robar da ke ƙonewa. Sayen darma shimfiɗaɗɗiya a ɗaure ta da waya ya fi aminci. Wanda ba ya son darma ko kaɗan yana iya yanka guntayen rodi biyu ya ɗaure su a gefe da gefe na ƙasan akwatin, sai dai ƙarfe bai kai darma nauyi ba, don haka zai ci wuri fiye da ita, kuma zai yi tsatsa.

Zargen

Dokar Kalifoniya ba ta yarda tarko ɗaya ya ɗauki zarge fiye da 6 ba, kuma shidan sun isa: biyu a kowane dogon gefe, ɗaya a kowane gajeren gefe. Kowane zarge yana bukatar igiya mai tsawon kimanin santimita 40, wadda za ta ba da da'ira mai faɗin santimita 9 ko 10 bayan an cire abin da ya tafi wajen ɗauri. Idan an zaɓi igiyar yanke ciyawa, lallai ta zama mai zagaye. Akwai mai kusurwa huɗu da mai siffar tauraro, waɗanda aka yi don su yanka ciyawa da kyau, amma kusurwoyin nasu suna cijewa a cikin idon zarge.

A ƙarshe ɗaya na igiyar ake yin ƙaramin ido wanda sauran igiyar za ta bi ta cikinsa. A nan ne yawancin tarkunan gida suke lalacewa. Mai koyo yakan ja idon ya tsuke sosai saboda yana ganin hakan ya fi tsafta, ya gwada da hannu a busasshen ɗaki ya ga yana zamewa, ya ɗauka ya gama. A cikin teku kuwa yashi da gansakuka da kitsen kifi suna shiga idon, sai zargen ya ƙi tsukewa a lokacin da ake bukata, ko kuma ya tsuke sau ɗaya ya ƙi buɗewa, mutum ya ci gaba da jefa tarkon da zargensa a rufe yake. Wanda ya bar idon ya yi faɗi da yawa shi ma yana da tasa matsalar, domin zargen yana sakin ƙafar ƙaguwa da zarar igiya ta ɗan saki. Abin da ya dace shi ne ramin idon ya kai kamar ninki uku na kaurin igiyar. Hanyar samun haka ita ce a kafa ƙusa mai kaurin milimita 4 ko 5 a jikin katako, a zagaya igiyar a kanta, a mayar da bakin cikin bututun alminiyam, a matse tun ƙusar tana ciki. Ta haka dukan idanun shida za su zama girma ɗaya.

Matsewar ma tana da ƙa'ida. A matse tsakiyar bututun, a bar bakunansa biyu a ɗan buɗe, domin idan aka matse har baki, kaifin alminiyam yana shiga jikin nailan, kuma a nan igiyar za ta tsinke ranar da babbar ƙaguwa ta shiga. Filaya ta gama-gari tana baje bututun ne kawai ba ta naɗe shi a kan igiyar, shi ya sa sayen filayar matsewa ta ainihi bai zama asarar kuɗi ba. Guntun igiyar da ya leƙo bayan bututun a ɗan taɓa shi da wutar ashana har ya dunƙule, sannan a ja da ƙarfi a tabbatar ba ya zamewa.

Bayan an zura ɗayan ƙarshen ta cikin idon, sai a ɗaure shi a jikin akwatin da wani bututun, a layin waya na biyu daga ƙasa. Idan aka ɗaure a can ƙasa, zargen yana binnewa cikin yashi kuma ƙaguwa ta taka ta wuce. Idan aka ɗaure a sama, yana tsayawa cikin ruwa ƙaguwa ta bi ta ƙarƙashinsa. Abin da ake so shi ne da'irar ta kwanta kusa da ƙasa tana ɗan ɗage da kai. A zagaya igiyar a kan wayoyi biyu na ragar, ba ɗaya ba, don kada zargen ya riƙa juyawa yana hawa kan maƙwabcinsa.

Nailan yana riƙe siffar naɗin da ya fito daga ciki, shi ya sa sabon zarge yakan murɗe ya tashi sama. Maganinsa shi ne a naɗa igiyoyin a jikin gwangwani mai faɗin da ake so, a tsoma cikin ruwan zafi na ɗan lokaci, sannan a mayar cikin ruwan sanyi kafin a kwance. Gwajin ƙarshe kuma ba a yin sa a bushe. A jiƙa tarkon, a burbuɗa masa yashi, a sa yatsu biyu cikin kowane zarge a ja akwatin. Ya kamata ya tsuke nan take, kuma da an cire yatsu ya koma girmansa da kansa. Wanda ya ƙi komawa a yanke shi a sake, kada a bar shi da fatan zai gyaru a ruwa.

Ɗauri da jifa

A gajeren gefen da ke nesa da darma a ɗaure guntuwar igiya mai ƙarfi, a sa mata ƙarfen nan mai juyawa, a haɗa da igiyar sanda. Sanda mai tsawon ƙafa 10 zuwa 12 da igiya saƙaƙƙiya mai ɗaukar fam 50 ko fiye su ne suka dace. A cusa akwatin taf da kifi mai mai kamar sadin ko taitus, a haɗa da wuyan kaza ko cinyarta domin ita ce ke daɗewa ba ta wanke ba. A jefa, a bar igiyar ta ɗan miƙe, a jira minti 10 zuwa 15. Wajen ɗagowa a naɗe sakin igiyar a hankali har a ji nauyin tarkon, sannan a ɗaga sandar da ja ɗaya mai tsawo ba fizga ba, a ci gaba da naɗewa ba tsayawa har tarkon ya fito, domin daƙiƙa ɗaya ta saki ta isa zargen ya buɗe.

Kafin a sa ƙaguwa a bokiti a auna faɗin ɓawonta. A Kalifoniya nau'in babbar ƙaguwar da ake kira Dungeness sai ta kai inci 5¾, ana aunawa daga gefe zuwa gefe a gaban ƙayoyi biyu da ke gefunan ɓawon ba tare da an haɗa da su ba, kuma mutum ba ya wuce guda 10 a rana. Wani nau'in da ake kira ƙaguwar dutse kuma inci 4 ce, iyakarta 35. An hana ɗaukar Dungeness a cikin mashigin San Faransisko da na San Pablo baki ɗaya. Oregon tana yarda da mazan Dungeness kaɗai, guda 12. Kakar kamun Dungeness a Kalifoniya takan buɗe a Asabar ta farko ta watan Nuwamba, amma ana iya jinkirta ta idan an sami guba a jikin ƙaguwa kamar yadda ya faru a 2015, don haka a duba sanarwar hukumar kula da kifi da namun daji ta jihar kafin a fita. Ƙaguwar da ba ta kai girma ba a kama ta ta baya, a sassauta zargen da yatsa, a mayar da ita ruwa a hankali. Idan an dawo gida a wanke tarkon da ruwan famfo, a buɗe zargen duka, a rataye shi a inuwa, domin rana tana busar da nailan har ya riƙa karyewa.