Yadda Ake Tafiya da Jariri a Kujerar Mota Ba Tare da Ya Daɗe a Cikinta Ba

Kujerar jarirai da ake ɗaurawa a bayan mota ta fara yawaita a Damagaram, musamman a gidajen da ke da motar kansu, kuma wannan abin farin ciki ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa amfani da ita yana iya rage mutuwar jarirai a haɗarin mota da kashi 71 cikin 100. Hannun uwa, komai ƙaunarta da ƙarfinta, ba ya iya riƙe jariri idan direba ya taka birki da ƙarfi ko mota ta yi karo. Sai dai an ƙera kujerar ne don kare jariri a lokacin da mota ke gudu, ba don ya yi barci ko ya wuni a cikinta ba, kuma a nan ne iyaye da yawa ke buƙatar a yi musu bayani dalla-dalla.

Ƙa'idar da masu ƙera kujerun da ma'aikatan lafiya suka fi ambata ita ce kada jariri ya wuce awa 2 a zaune a cikin kujerar a karo ɗaya. Ga sabon haihuwa, wato wanda bai cika sati 4 ba, shawarar ta fi tsauri: a yi ƙoƙari kada ya wuce minti 30 ba tare da an fitar da shi ba, kuma doguwar tafiya a wannan lokaci a bar ta sai in ta zama dole. A al'adarmu, zaman da mai jego ke yi a gida har kwana arba'in ya dace da wannan shawara ƙwarai. Matsalar takan taso ne a ranar dawowa daga asibiti idan gidan yana nesa, ko lokacin da za a kai mai haihuwar fari wanka gidan iyayenta a wani gari, ko kuma a yawon arba'in, inda ake zagaya dangi gida-gida tun daga hantsi har bayan la'asar.

Ya kamata a fahimci dalilin, domin wanda ya san dalili ba ya wasa da ƙa'ida. Kan jariri yana da girma da nauyi idan aka kwatanta da jikinsa, wuyansa kuma bai yi ƙwarin da zai ɗauke shi ba, ga hanyar numfashinsa siririya ce mai taushi. Idan ya yi barci a rabin zaune, kansa yakan rinjayo gaba har haɓarsa ta taɓa ƙirjinsa, sai hanyar iska ta lanƙwashe kamar tiyon ruwan da aka naɗe. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne jariri ba lallai ya yi kuka ba a wannan hali, mai tuƙi kuma yana iya zaton barci ne mai daɗi. A shekarar 2016 an wallafa wani bincike da masana na Jami'ar Bristol a Ingila suka yi tare da abokan aikinsu a kan jarirai 40, daga cikinsu 21 bakwaini ne. An zaunar da su a kujerar da ke jijjiga kamar mota mai gudun kusan kilomita 48 a awa, aka ga bugun zuciyarsu da numfashinsu sun ƙaru, iskar oksijin da ke cikin jininsu kuma ta ragu, a cikin gwajin da bai wuce minti 30 ba.

Matakin farko tun kafin a tashi ne. A ɗaure kujerar a kujerun baya, jariri yana fuskantar bayan mota, kuma kada a taɓa sa ta a gaba idan akwai jakar iska da ke aiki, wato jakar da ke kumbura nan take idan mota ta yi karo, domin fashewarta kaɗai tana iya kashe shi. A duba kwanciyar kujerar: ga sabon haihuwa ana son ta jingina kusan digiri 45, kuma yawancin kujeru suna da layi ko wata alama a gefe da ke nuna daidai. Idan ta miƙe tsaye da yawa kai zai faɗo gaba, idan kuma ta kwanta da yawa ba za ta riƙe shi ba a lokacin haɗari. Maɗauran kafaɗa su fito daidai da kafaɗarsa ko ƙasa kaɗan, a ja su har sai mutum ya kasa tsunkulo maɗaurin da yatsu biyu. Sassauta maɗauri saboda tausayi ba tausayi ba ne, domin jariri yakan zame ƙasa, maɗaurin ya hau wuyansa. Kada a cusa matashi ko zane a bayan kansa, sai abin da ya zo tare da kujerar daga kamfani. Wanda zai sayi kujera ta hannu, kamar yadda aka fi samu a kasuwanninmu, ya duba takardar da ke manne a ƙarƙashinta, domin kujerun suna da wa'adi, galibi shekara 6 zuwa 10 daga ranar ƙera su, kuma wadda ta tsage ko maɗaurinta ya zaizaye ba ta da amfani.

Sai lissafin hanya. Daga Zinder, wato Damagaram, zuwa Mirya tafiya ce gajera wadda ba ta buƙatar wani shiri na musamman. Zuwa Maraɗi kuwa kimanin kilomita 240 ne, saboda haka ko jaririn da ya haura wata guda yana buƙatar a tsaya masa aƙalla sau ɗaya, kuma Tasawa ta faɗo kusan tsakiyar hanyar. Idan sabon haihuwa ne, tsayawar za ta fara tun kafin a kai Takeita, kuma za a yi ta maimaitawa, abin da zai mayar da tafiyar rabin yini ta zama ta yini guda. Hanyar Yamai, wadda ta kusa kilomita 900, a ganina bai kamata a yi ta da jariri ƙarami a rana ɗaya ba. Gara a kwana a Maraɗi ko Ƙonni a ci gaba da safe. A riƙa tuna cewa lokacin yana fara ƙirguwa ne daga sa'ar da aka zaunar da jariri a kujerar, don haka jiran da aka yi a ƙofar gida ana sallama da dangi, da layin shan mai, da tsayuwa a shingen bincike, duk suna cikin lissafi. A ɗaure shi a ƙarshe, bayan an gama loda kaya kowa ya shiga.

A kowane zango a fitar da shi gaba ɗaya, kada a tsaya a kan kwance maɗauri kawai. A shimfiɗa zane a inuwa a kwantar da shi rigingine ya miƙe ƙafafunsa, a ba shi nono, a canja masa ƙunzugu, a bar shi aƙalla minti 15 kafin a mayar da shi. Idan ya yi kukan yunwa mota tana gudu, a nemi wuri a tsaya, kada uwa ta ciro shi ta shayar da shi a kan cinya. Jaririn da bai kai wata 6 ba nonon uwa ya ishe shi ko da a cikin zafi, ba ya buƙatar ruwa, illa dai uwar ta sha ruwa sosai ta kuma yawaita shayarwa.

A duk tsawon tafiyar, wani babba ya zauna kusa da shi yana kallon fuskarsa. Idan haɓa ta sauka kan ƙirji, a tsaya a gyara masa zama. Idan kuwa aka ga leɓɓansa sun yi fari fat ko sun yi duhu, ko numfashinsa yana fita da gurnani, ko ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki, ko jikinsa ya saki ya ƙi farkawa, a fitar da shi nan take a nufi cibiyar lafiya mafi kusa ba tare da jiran a isa gari ba. Bakwaini da jaririn da aka haifa da ƙarancin nauyi sun fi kowa shiga wannan haɗari. A Amurka, ƙungiyar likitocin yara ta ba da shawarar a gwada duk wanda aka haifa kafin sati 37 a cikin kujerarsa na minti 90 zuwa 120 kafin a sallame shi daga asibiti. Iyayen irin wannan jariri su nemi shawarar likita ko ungozoma kafin kowace tafiya.

Yanayinmu yana ƙara wani nauyi. A watannin Afrilu da Mayu zafin Damagaram yakan haura digiri 40, cikin motar da aka rufe kuma yana iya ƙaruwa da kusan digiri 11 a cikin minti 10, jikin yaro kuwa ya fi na babba saurin ɗaukar zafi. Kada a bar jariri shi kaɗai a mota ko da na shiga shago ne a fito. A taɓa ƙarfen maɗauri da hannu kafin a zaunar da shi, domin idan rana ta dake shi yana ƙona fata, kuma a fi son tashi da asuba. Yafa zane a kan kujerar gaba ɗaya don tare rana ko ƙura yana hana iska zagayawa, yana kuma ɓoye fuskar da ake son a riƙa gani. Gara a sa labulen a jikin gilashi. A lokacin hunturu kuma, kada a ɗaure shi a kan rigar sanyi mai kauri, a fara ɗaure shi da kaya marasa nauyi sannan a rufa masa bargo daga ƙirji zuwa ƙasa.

Da an isa gida, ko da barcinsa ya yi nisa, a cire shi daga kujerar a kwantar da shi rigingine a shimfiɗa mai ɗan tauri wadda ba ta da matashi. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a shekarar 2019 ya duba jarirai 348 da suka rasu suna barci a cikin kayan zaman jarirai, irin su kujerar mota da keken tura jariri, tsakanin 2004 da 2014, ya gano kusan kashi 63 cikin 100 a kujerar mota ne, kuma a mafi yawan lokuta ba a cikin tafiya abin ya faru ba. Saboda haka idan kaka ko gwaggo ta ce a bar shi a ciki kada a tashe shi, a yi mata bayani cikin ladabi, a ɗauke shi a hankali da hannu ɗaya a ƙarƙashin wuyansa, a mayar da kujerar cikin mota.